Masu gina jiragen ruwa bisa tebur

A ƙasashen bakin teku akwai mutanen da kan kashe shekaru suna sassaƙa jirgin da ba zai taɓa shiga ruwa ba. Mai hange daga nesa zai ce wasan yara ne. Amma sau da yawa a hannun irin waɗannan mutane ne ilimin magina jirage na da ya tsira.

Duk wanda ya tashi a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya san motar kara. Yaro ya samo karan dawa, ya fere ɓawon, ya yayyanka totuwa, ya harhaɗa da ƙaya, kafin la'asar ga kamyo da tayoyinsa da madubinsa. Ba wanda ya ba shi zane. Motar da ya gani a tasha ita ya riƙe a ka. Daga baya yaron ya shiga lakwal ko ya bi ubansa kasuwa, sai ya yar da kara, ba ya sake waiwayarsa.

A Faransa da Ingila da wasu ƙasashe masu teku, akwai dattawan da ba su yar da nasu karan ba. Cikinsu akwai likitoci da malaman makaranta da tsofaffin ma'aikatan gwamnati da ƴan kasuwa. In sun taso daga aiki, sai su shige wani ɗan ɗaki, su kunna fitila, su zauna gaban tebur suna gina jirgin ruwa na icce, irin na zamanin da iska ke tura jirage, wanda tsawonsa bai fi kamu biyu ko uku ba. Faransawa na kiran irin wannan ɗan jirgi maket. Mu da ke nesa da teku, kayan da ke cike da kantunanmu jirgin ruwa ne ya fara ɗauko su kafin su hau kamyo, amma da yawanmu ba mu taɓa ganin jirgin da ido ba. Ya kyautu mu san mutanen da suka san shi ciki da bai ba tare da sun taɓa tuƙa shi ba.

Masu kwali da masu ɗanyen icce

Masu wannan sha'awa kashi biyu ne. Akwai masu sayen kwali a kanti, wanda kamfani ya riga ya yanka kowane guntu, ya sa masa lamba, ya haɗa da takardar bayani. Aikin mai saye shi ne ya bi lamba ya manna. Akwai kuma waɗanda ba su sayen kome sai zane da ɗanyen icce. Su za su tsaga katakon da kansu, su sassaƙa kowane haƙarƙari, su tufka kowace igiya, su ƙera kowace igwa. Waɗannan na biyu su ne zancenmu a yau.

Mafi tsanani daga cikinsu su ne masu bin hanyar da Faransawa ke kira « modélisme d'arsenal », wato gina ɗan jirgi daidai yadda ake gina babba a ma'aikatar jiragen sarki. Ƙa'idarsu ita ce, duk guntun iccen da ke jikin babban jirgi sai ya kasance a jikin ƙarami, a mazauninsa, da siffarsa, da irin haɗin da kafintocin da suka yi masa, ko da kuwa daga baya za a rufe shi, ido ba zai sake ganinsa ba.

Wanda ya buɗe wa mutanen zamaninmu wannan hanya shi ne Jean Boudriot, wani masanin zanen gine-gine na Faransa da ya rasu a 2015. Ya yi shekaru yana tonon tsofaffin takardun rundunar ruwa, sannan tsakanin 1973 da 1977 ya fitar da littafi mai juzu'i 4 a kan jirgi guda tak: jirgin yaƙi mai igwa 74 na wajen shekarar 1780. Ya zana shi guntu-guntu, tun daga ƙashin bayansa har tukunyar da ake dafa wa matuƙa abinci. Da wannan littafi a hannu, mutumin da bai taɓa taka tashar jiragen ruwa ba yana iya gina jirgin sarki a ɗakinsa.

Lissafi kafin zarto

Aikin ba da wuƙa yake farawa ba, da lissafi yake farawa. Zanen jirgi fuska uku gare shi: yadda yake in an dube shi daga gefe, da yadda yake daga bisa, da yadda yake in an yayyanka shi a tsaye kamar burodi. Jikin jirgi ba shi da miƙaƙƙen layi. Ko'ina lanƙwasa ce, kuma lanƙwasar gaba dabam take da ta tsakiya da ta baya. Sai mutum ya iya haɗa fuskokin nan uku a cikin kansa kafin ya san siffar haƙarƙari guda.

Bayan haka sai zaɓen ma'auni. Wanda aka fi sani shi ne 1 bisa 48, wato kowane santimetir 48 na babban jirgi ya koma santimetir 1. Jirgi mai igwa 74 ya kai wajen metir 56 a tsawo, yana ɗaukar mutum wajen 700. A wannan ma'auni sai ya dawo metir 1 da santimetir 17. Matuƙin da ke tsaye bisansa kuwa bai wuce santimetir 3 da rabi ba. Katakon da kaurinsa ya kai santimetir 10 ya zama milimetir 2. Mai son a ga kome sarai yakan ɗauki 1 bisa 36, jirgin ya haura metir ɗaya da rabi. Mai ƙaramin ɗaki ya ɗauki 1 bisa 72.

Ɗan kasuwa ya san yadda kuskuren dala ɗaya a kan kowane buhu ke zama asara babba in buhunan sun kai dubu. Haka abin yake a nan. Kuskuren milimetir ɗaya bisa tebur daidai yake da kuskuren kusan santimetir 5 a jikin babban jirgi. In kuskuren ya maimaitu daga haƙarƙari zuwa haƙarƙari, ranar da aka zo shimfiɗa katako sai a tarar jirgin ya karkace, aikin wata shida ya tashi a banza.

Ba kowane icce ba

Manyan jiragen Turai da iccen oak ake gina su, wanda Faransawa ke kira shen, kuma jirgin yaƙi guda yakan ci itatuwa fiye da 2.000. Amma mai ɗan jirgi ba ya amfani da shi, don kuwa jijiyoyinsa manya ne: in aka yanka shi siriri, zanen jikin iccen sai ya fi ƙarfin jirgin, ido ya gane nan take ƙarami ne. Abin da ake nema shi ne icce mai laushin fuska, mai matsattsen jiki, wanda za a yanka kamar tsinke bai tsage ba. Don haka Faransawa suka fi son iccen fuwar, wani ɗan itacen marmari na ƙasarsu, mai ja-ja, sai bwi mai ruwan ɗorawa don sassaƙa ado, sai baƙin iccen eben, ɗan'uwan kanyarmu, don wuraren da ake shafa wa babban jirgi baƙi. Gwanaye da dama ba su sa fenti sam. Launin itatuwan shi ne fentinsu. Kuma dole iccen ya bushe sarai, shekara da shekaru, in ba haka ba zai motsa bayan an gama aiki.

Kayan aikin ba su da yawa: ɗan zarto mai siririn baki irin na maƙeran azurfa, da magagari iri-iri, da wuƙaƙe masu kaifin aska, da hantsaki, da takardar yashi, da gam, da madubin ƙara girma. Masu hali sukan ƙara da ƴan injuna na lantarki. Sauran duka ido ne da hannu.

Ana fara kafa ƙashin baya bisa wani shimfiɗaɗɗen allo, a tsai da goshi da ƙeya. Sannan a shiga haƙarƙari, waɗanda suke gomiya-gomiya, kowane ɗaya kuma haɗin guntaye ne, har goma ko fiye, domin a babban jirgi ba a samun icce guda mai wannan lanƙwasa. Mutum yakan yi shekara yana wannan kaɗai. In haƙarƙari sun tsaya, sai a goge su ciki da waje har yatsa ya bi bai ji tudu ba.

Daga nan sai shimfiɗa katako, inda gwani ke bambanta da ɗan koyo. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Su kuwa waɗannan busasshe suke tanƙwarawa, da ruwan zafi ko tururi ko ƙarfe mai ɗumi, kamar yadda kafintocin da ke yi wa manyan katakai. Tun da cikin jirgi ya fi goshinsa faɗi, kowane katako sai an fere shi, ya yi faɗi a tsakiya ya tsuke a baki. A kafe shi da ƴan turakun icce ko na gora waɗanda ba su kai kaurin allura ba, dubbai, kowane da raminsa. Da yawa sukan rufe gefe ɗaya su bar ɗayan a buɗe, don mai kallo ya ga haƙarƙari da ɗakunan ciki. In jirgin na ƙarshen ƙarni na 18 ne, sai a lulluɓe gindinsa da ƴan fallayen jan ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi wa manya don tsare su daga tsutsar teku mai cin icce.

Tufka da warwara

Wanda ya gama jiki ya ce ya huta, bai san igiya ba. Jirgin iska daji ne na igiyoyi: waɗansu na riƙe da jigajigan da ke tsaye, waɗansu na ɗaga filafilai, wato manyan ƙyallayen da iska ke turawa, waɗansu na juya su. Kowace da sunanta, da kaurinta, da inda take farawa, da inda ake ɗaure ta. Zaren kanti ba ya yi, don bai yi kama da igiya ba. Sai mutum ya ƙera ɗan injin tufka, ya haɗa zare uku ya murɗa, wata igiyar dama, wata hagu, yadda take a asali. Ƴan gungumen da igiya ke bi ta cikinsu, irin na bakin rijiya, ana sassaƙa su ɗari-ɗari, wasu ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Tsanin igiya da matuƙa ke hawa kuwa ƙulli ne dubbai, kowane da hantsaki ake ɗaura shi.

A nan tufka da warwara ba abin zargi ba ne, ita ce hanyar aikin. Mutum ya ɗaura igiya ashirin, ya gane ta farko ta bi ta inda bai kamata ba, ya kwance duka. Shi ya sa ba a ƙidaya wannan aiki da kwanaki. Wani likitan Ingila, Nepean Longridge, ya kashe awoyi dubbai a kan ɗan jirgin Victory, wanda Nelson ya yi yaƙin Tarafalga a cikinsa a 1805. Littafin da ya fitar a 1955 a kan wannan aiki har yau masu sha'awar na neman sa.

Daga fadar sarki zuwa kurkuku

Asalin abin aikin hukuma ne. A ƙarni na 17 da na 18 hukumar jiragen yaƙin Ingila da manyanta sun sa an yi musu ƴan jirage masu kyan gaske, galibi a ma'aunin 1 bisa 48. A Faransa, Colbert, ministan sarki Luwi na 14, ya umarci ma'aikatun jirage su riƙa yin samfurin kowane irin jirgi. A 1748 Duhamel du Monceau, babban mai duba rundunar ruwa, ya ba sarki Luwi na 15 tarin ƴan jiragensa, aka ajiye su a fadar Luvur don ɗalibai masu koyon ginin jirgi su riƙa nazari. Wannan tari shi ne tushen gidan tarihin rundunar ruwa na Paris, wanda aka sake buɗewa a 2023 bayan gyara na shekaru.

Amma labarin da ya fi taɓa zuciya daga kurkuku ya fito. A yaƙe-yaƙen da aka yi tsakanin Faransa da Ingila daga 1793 zuwa 1815, dubban matuƙan Faransa sun faɗa hannun Ingilishi, aka tsare su a wurare irin su Norman Cross, da aka buɗe a 1797, da Dartmoor, da aka buɗe a 1809. Wasu sun yi shekara goma a tsare. Ba su da zane, ba su da kayan aiki na kirki. Suka riƙa tara ƙasusuwan naman da ake ba su, da guntayen icce, da zaren tufafi, da gashi, suna gina jiragen da suka riƙe a ka, suna sayarwa a kasuwar bakin kurkuku don su sami na taba da ƙarin abinci. Jiragen da suka yi yaƙi a cikinsu sun nutse ko an farfasa su tuntuni. Waɗanda suka yi da ƙashi suna nan a gidajen tarihi, masu kuɗi na ribibinsu a wurin gwanjo.

Babba ya ruɓe, ƙarami ya saura

Wannan shi ne abin lura a cikin zancen duka. Jirgin icce ba ya daɗewa. Ruwa da tsutsa da ruɓa ba su bar shi. Abin da ke saura shi ne abin da wani ya zauna ya auna.

Ga misali. Jirgin Hermione, wanda ya kai Lafayet Amurka a 1780, ya nutse a 1793. Da mutanen garin Roshfor suka tashi sake gina shi da cikakken girmansa a 1997, sai suka dogara ga awon da Ingilishi suka yi wa wani ɗan'uwansa mai suna Concorde bayan sun kama shi a 1783. Takardar abokin gaba ita ta mayar wa Faransa da jirginta. An yi shekara 17 ana aiki, da itatuwa wajen 2.000 da igiya fiye da kilometir 20, jirgin ya ƙetare teku zuwa Amurka a 2015. A 2021 aka gano ruɓa ta kama katakonsa, dole aka fid da shi daga ruwa don gyara. Ƴan jiragen da aka yi a zamanin Hermione na farko kuwa suna nan cikin akwatunan gilashi, garau.

A Masar ma haka. A 1920 aka buɗe wani ɓoyayyen ɗaki a kabarin Meketre, wani babban bafade, kusa da Luksor, aka tarar da ƴan jirage na icce fiye da goma, da matuƙansu da filafilansu, sun yi wajen shekara 4.000 a rufe. Da su masana suka ƙara fahimtar yadda ake tafiya bisa kogin Nilu a wancan zamani. A 1954 kuma aka tono jirgin Fir'auna Khufu a gindin babbar dalar Giza, mai tsawon metir 43, amma a wargaje, guntu 1.224, ba ƙusa, ba takardar bayani. Wanda aka ɗora wa haɗa shi, Alhaji Ahmad Yusuf, sai da ya zauna wurin masu gina jirage na bakin Nilu yana kallon hannunsu, ya kuma sassaƙa ƙananan samfura yana gwadawa, kafin bayan fiye da shekara goma babban ya tsaya. Ƙaramin ne ya koya masa babban.

Ga ƴan kasuwa kuma akwai darasin tsibirin Moris, cikin tekun Indiya. A wajen 1968 wani kafinta mai suna José Ramar ya fara yin ƴan jirage ta bin zanen da aka samo daga Faransa. Abin da ya fara a hannun mutum guda ya zama sana'ar da ke ci da gidaje masu yawa, musamman a garin Kurpip, inda baƙi ke saye suna tafiya da su ƙasashensu. Iccen da ke shiga ɗan jirgi kaɗan ne. Abin da mai saye ke biya haƙuri ne da ƙwarewa.

Namu fa?

Ba mu da teku, amma muna da kogi da tafki. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta Nijeriya, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da metir 8, wanda awo ya nuna ya kai wajen shekara 8.000, yana cikin mafi tsufa da aka sani a duniya. Sarkawa na bakin Kwara, daga Ayoru zuwa Gaya, suna da nasu jiragen. Buduma na tafkin Cadi suna da nasu na ciyawa. Manyan itatuwan da ake fafe kwalekwale da su suna ƙarewa, jirgin katako mai inji yana maye gurbinsu, tsofaffin masassaƙa kuma suna tafiya da abin da ke kansu, don ba da takarda suka koya ba.

Mai son gwadawa ba sai ya fara da igwa 74 ba. Ya je bakin ruwa da ma'auni da littafi, ya gai da mai jirgi, ya auna tsawo da faɗi da zurfi a wurare goma, ya tambayi sunan kowane sashe, ya rubuta. Ya nemi ragowar katako wurin kafinta, ko guntun aduwa irin wanda ake allo da shi, ko kanya, ya raba kowane awo gida 20. In ya gama, ya rubuta a gindinsa garin da shekarar da irin iccen, ya tsare shi daga gara da ƙurar hunturu. Ma'aikacin da ritaya ke tunkarowa, yana tunanin abin da zai yi da yininsa, ga aiki nan da ba ya son kuɗi da yawa. Sannu ba ta hana zuwa. Wata rana jikansa zai so sanin irin jirgin da kakanninsa suka ƙetare kogi da shi, ya tarar akwai abin da za a nuna masa.